Abincin Ɗalibai A Birnin Kano: Wa Ke Da Ikon Zaɓa, Makaranta Ko Iyaye?

Da zarar an kaɗa ƙararrawar tara a makarantun firamare na gwamnati da ke cikin ganuwar Kano, irin su Shahuci, Kwalli, Dandago da Gidan Makama, sai ɗalibai su rabu gida uku. Wasu su buɗe ɗan kwanon da aka zubo musu abinci daga gida. Wasu su ruga bakin ƙofa da kuɗin tara a hannu, inda masu awara, ɗan wake, garau-garau, wainar fulawa da zoɓo ke jira. Kashi na uku kuwa su raɓe a inuwa suna kallo, domin ba su zo da kwano ba, ba su zo da kuɗi ba.

Tambayar wa ya kamata ya zaɓi abin da waɗannan yara za su ci, makaranta ko iyaye, tsohuwar muhawara ce a ƙasashe da dama. A Kano ta ɗauki wata siffa ta daban, domin a mafi yawan ranaku ba shugaban makaranta ne ke zaɓa ba, ba kuma uba ko uwa ba. Abin da ke zaɓa shi ne yawan kuɗin da ke tafin hannun yaro, ko kuma jadawalin da aka rubuta a ofis, bisa kasafin da aka yanke a Abuja. Wannan bayani ya tattaro abin da addini da doka suka tanada, tarihin ciyar da ɗalibai a jihar, hujjojin kowane ɓangare, da yadda wasu ƙasashe suka warware irin wannan taƙaddama.

Me ake nufi da abincin rana a cikin birni?

Makarantun firamare na gwamnati a Kano na jeka-ka-dawo ne. Ana shiga aji da safe, a tashi wajen azahar, sannan yawancin yara su wuce Islamiyya ko makarantar allo da yamma. Saboda haka abincin da ake ci a makaranta shi ne na lokacin tara, wato ɗan hutun da ake bayarwa da hantsi. Ga yaron da ya fito gida da kunu ko koko kaɗai a cikinsa, wannan abinci shi ne karin kumallo na gaske. Ga wanda zai koma ya tarar ba a ɗora tukunya ba sai dare, shi ne kuma abincin rana.

Sayen abincin rana a waje tsohuwar ɗabi'a ce a birni. Gidaje da yawa tuwon dare ne babban girkinsu, da rana kuwa a ba yara kuɗi su sayo ɗan wake, alale ko taliya a maƙwabta. Enid Schildkrout, Ba'amurkiya mai nazarin zamantakewar al'umma, ta gudanar da bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, inda ta bayyana yadda matan aure da ke cikin kulle ke tafiyar da sana'ar abinci daga cikin gida, yara kuma su ne 'yan aike, su ne 'yan talla, su ne masu saye. Wannan tsari bai gushe ba. Mai awarar da ke bakin makaranta sau da yawa 'yar unguwa ce, kuma ribar da ta samu ita ce kuɗin taran nata 'ya'yan. Duk wata doka da za a kafa kan abincin ɗalibai, to ta taɓa wannan tattalin arziki na cikin lunguna.

Haƙƙin iyaye a addini da al'ada

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantarwa a zaurukan Madabo da sauran unguwannin malamai na birni, ciyar da yaro wajibi ne a kan uba. Littattafan mazhaba irin su Risala da Muhtasar sun ɗora masa ciyar da ɗa namiji har ya balaga ya iya neman na kansa, 'ya mace kuma har ta tare a gidan mijinta. Kotunan shari'a na Kano kan yanke hukunci kan wannan haƙƙi a kullum, musamman bayan rabuwar aure. Wanda aka ɗora wa nauyin ciyarwa kuwa, a fahimtar jama'a, shi ne mai cewa a ci wannan, kada a ci wancan.

Al'ada ta ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. Uwa ce ta san yaron da wake ke ɓata wa ciki, da wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa kada ya karɓi abinci a hannun wanda bai sani ba, kuma ana ɗaukar kwaɗayi a matsayin abin kunya ga gidan da ya fito. Sai dai al'adar ba ta taɓa rufe ƙofa ga ciyarwar waje ba. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma tsarin makarantun allo ya ginu ne ɗaruruwan shekaru a kan unguwa ta ciyar da ɗalibin da iyayensa ke nesa.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati burin samar da ilimin firamare kyauta kuma dole. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ita ce ta mayar da wannan buri doka. Ta wajabta wa iyaye sanya 'ya'yansu a firamare da ƙaramar sakandare, ta tanadi hukunci ga wanda ya ƙi, sannan ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun haɗaka na kuɗin shigar tarayya domin tallafa wa jihohi.

Akwai wani tanadi a dokar da ba a cika ambatonsa ba. A sashen fassarar kalmomi, inda ta lissafa abubuwan da za a bayar kyauta a makarantun gwamnati, ta ambaci littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da tebura, sannan ta ambaci abincin rana. Ke nan, a rubuce, ciyar da ɗalibi ba alfarmar gwamna ko shugaban ƙasa ba ce, wani ɓangare ne na ilimin da doka ta yi alƙawari. Amma dokar ba ta fayyace irin abincin ba, ba ta faɗi wanda zai zaɓa ba, ba ta kuma ba iyaye wata kujera a wurin zaɓen ba. Ba ta kuma hana yaro zuwa da abincinsa daga gida ba.

A matakin jiha, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole a watan Satumba na 2019, sannan ta sanya hannu kan Dokar Kare Yara a watan Mayu na 2023, shekaru ashirin bayan dokar tarayya ta 2003 kan haƙƙin yara. Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yuni na 2024. Duk waɗannan matakai sun ƙara jaddada cewa yaro zai shafe rabin yininsa a hannun hukuma. Daga nan ne tambayar abinci ke samun nauyinta: wanda ya tilasta a kawo masa yaro tun safe, shin ba shi da alhakin cikin yaron a waɗannan sa'o'i?

Tarihin ciyar da ɗalibai a Kano

Kano na cikin jihohin da suka fara ciyar da ɗaliban firamare bayan dawowar mulkin farar hula. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta farko, daga 1999 zuwa 2003, ta ɓullo da ciyarwa da rabon kayan makaranta kyauta, ta hannun kwamitin wayar da kan al'umma da aka fi sani da CRC, mai rassa a ƙananan hukumomi 44. Da Kwankwaso ya dawo mulki a 2011, shirin ya sake samun ƙarfi har zuwa 2015.

A matakin tarayya, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin gwaji a 2005 a jihohi 12 da Babban Birnin Tarayya, kuma Kano na ciki. Yawancin jihohin sun watsar da shi cikin 'yan shekaru. Osun ce ta yi fice wajen riƙe nata, har gwamnatin Rauf Aregbesola ta sabunta shi a 2012. A Kaduna, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fara nata a watan Janairu na 2016, yara suka yi ta kwarara makarantu, amma nauyin kuɗi ya sa aka dakatar da shi daga baya.

A 2016 ne gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin ciyar da ɗalibai da amfanin gonar cikin gida, a ƙarƙashin ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo. A 2019 aka mayar da shi sabuwar Ma'aikatar Jinƙai da Sadiya Umar Farouq ta jagoranta. Alƙaluman gwamnati sun nuna shirin ya kai ga yara kusan miliyan 10 a faɗin ƙasa, da masu girki sama da 100,000, kuma Kano kaɗai na da yara fiye da miliyan ɗaya a cikinsu. A watan Janairu na 2024, Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da dukkan shirye-shiryen hukumar tallafin jama'a ta NSIPA, har da na ciyarwa, kwanaki kaɗan bayan dakatar da minista Betta Edu bisa zargin karkatar da kuɗi.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, tukunyar makaranta a Kano na bin sauyin gwamnati. Ana ɗora ta da sanarwa, ana sauke ta da sanarwa, kuma ba a shawarci iyaye a ɗorawa ko saukewa ba.

Yadda shirin tarayya ya raba iko

A tsarin 2016, gwamnatin tarayya ke biyan kuɗin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, sau ɗaya a kowace ranar karatu, jihohi kuma su ɗauki nauyin aji huɗu zuwa shida idan sun so. An yanke Naira 70 ga kowane yaro a rana, daga bisani aka ƙara zuwa Naira 100. Jiha ce ke tsara jadawalin abinci na mako bisa abin da ake nomawa a yankinta, ita ce kuma ke tantance masu girki, waɗanda galibinsu mata ne daga unguwannin da makarantun suke. Ana duba lafiyarsu, a buɗe musu asusun banki, a riƙa tura musu kuɗi kai tsaye. Wasu kayayyaki, kamar ƙwai da nama, ana ba manyan dillalai kwangilar kawo su.

Idan aka bi wannan sarƙa, za a ga Abuja ta yanke farashi, ofishin jiha ya rubuta jadawali, dillali ya kawo kaya, mai girki ta auna ludayi. Shugaban makaranta aikinsa karɓa da sa hannu. Uba da uwa ba su bayyana a ko'ina ba. Wato ko a lokacin da ake cewa makaranta ce ke zaɓa, makarantar kanta 'yar kallo ce.

Farashi kuma shi ne ainihin mai rubuta jadawali. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kafin ƙarshen wannan shekara, ƙwai ɗaya a shagon unguwa ya wuce Naira 100 da aka ware wa kwano gaba ɗaya. Duk jadawalin da ya yi alƙawarin shinkafa, wake, mai, kayan miya da ƙwai a kan wannan kuɗi, to mai girki ce za ta cike giɓin, ko dai daga aljihunta ko daga kwanon yaro.

Hujjar masu cewa makaranta ta zaɓa

Hujja ta farko ita ce yunwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Kano kuwa adadin ya haura rabi. Abincin firamare ba ya gyara tsumburewar da ta auku a shekarun farko na rayuwa, amma waɗannan yara su ne ke shiga aji ɗaya, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu wannan ra'ayi na cewa maganar 'yancin zaɓi ba ta da ma'ana ga iyayen da ba su da abin zaɓa.

Hujja ta biyu ita ce inganci. Kuɗin tara a hannun ɗan shekara bakwai yakan tafi ne ga alawa, cingam, ƙanƙara mai launi da lemon leda. Ko uban da ya bayar da kuɗin bai san abin da aka saya ba. Jadawalin da masanin abinci ya tsara na iya tabbatar da wake, ganye da man da aka ƙara wa sinadarin bitamin A sun shiga cikin yaro, a kuma kauce wa camfe-camfe irin na hana yara ƙwai don gudun kada su koyi sata.

Hujja ta uku ita ce tsaro. A watannin Maris da Afrilu na 2021, ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami, kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta tabbatar da rasuwar mutum goma. Irin wannan gari ne ake haɗa zoɓo da lemon ƙulli da shi. Mai girkin da aka tantance ana iya bin sawunta idan wani abu ya faru, amma ledar da aka saya a bakin hanya ba ta da suna.

Hujja ta huɗu ita ce daidaito. Idan kowa ya ci kwano iri ɗaya, ɗan attajirin Kantin Kwari da ɗan mai tura kura ba za su bambanta a lokacin tara ba. Abincin kuma yakan jawo yara makaranta, musamman 'yan mata da ake riƙewa a gida saboda talla.

Hujjar masu cewa iyaye su zaɓa

Masu wannan ra'ayi na farawa ne da sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jadawali ɗaya da aka rubuta wa yara miliyan ba zai san yaro mai ciwon suga ba, ko wanda wani abinci ke tayar wa ƙaiƙayi, ko mai sikila da ke buƙatar kulawa ta musamman. A ajin da ke ɗauke da yara sama da ɗari, kamar yadda ake samu a makarantu da dama na birni, malami ba shi da halin tuna waɗannan bambance-bambance.

Sai batun yarda. Kanawa na da dalilin yin taka-tsantsan da abin da ake ba 'ya'yansu da sunan taimako. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Shari'ar ta ƙare da sulhun Dala miliyan 75 da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004. Darasin da aka koya a wancan lokaci shi ne, shirin da ya tsallake masu unguwanni, limamai da iyaye yana iya rushewa da jita-jita guda.

Akwai kuma batun alhaki. Idan abincin gida ya ɓata wa yaro ciki, an san wanda za a tambaya. Idan na gwamnati ne, uba zai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, tsakanin makaranta, ƙaramar hukuma, hukumar SUBEB da Abuja. Wasu kuma na tsoron kada ciyarwar hukuma ta sa iyaye su saki nauyin da addini ya ɗora musu, ta yadda ranar da aka dakatar da shiri, sai yaro ya rasa ta gida, ya rasa ta makaranta.

A makarantu masu zaman kansu, inda iyaye ke biyan kuɗi, taƙaddamar takan ɗauki wata fuska. Wasu na hana zuwa da kuɗi ko lemon kwalba, wasu na da shagonsu a ciki. Iyaye kan tambaya ko irin waɗannan ƙa'idoji don lafiyar yaro aka yi su ko don cinikin makaranta.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Ingila, bayan gangamin da mai girki Jamie Oliver ya yi a talabijin a 2005, an tsaurara ƙa'idojin abincin makaranta. A watan Satumba na 2006, wasu iyaye mata a Rawmarsh suka riƙa miƙa wa yara soyayyen abinci ta tsakanin ƙarafan shingen makaranta, don nuna ƙin amincewa. Ƙa'idar na da kyau a idon likitoci, amma an kafa ta ba tare da an shawo kan iyaye ba.

A Faransa, garin Chalon-sur-Saône ya soke ba ɗalibai madadin naman alade a 2015, matakin da ya fi shafar yaran Musulmi. A watan Disamba na 2020, babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke cewa tsarin raba addini da gwamnati bai hana bayar da madadi ba, ko da yake bai wajabta shi ba. Wannan misali na nuna haɗarin barin zaɓi gaba ɗaya a hannun hukuma.

Japan ta bi hanyar ba makaranta iko. Tun dokar 1954, masana abinci ke tsara jadawali, ɗalibai ke raba wa junansu, malami kuma ya ci abin da suka ci a cikin aji. Amma ana aika wa iyaye jadawalin wata tun kafin ya kama, kuma ana tanadi ga yaran da wani abinci ke cutarwa.

A Indiya, Kotun Ƙoli ce ta umarci jihohi a ranar 28 ga Nuwamba, 2001, da su riƙa ba ɗaliban firamare dafaffen abinci. Shirin ya zama mafi girma a duniya. Sai dai a watan Yuli na 2013, yara 23 suka rasu a wani ƙauye na jihar Bihar bayan cin abincin da maganin ƙwari ya gurɓata. Bayan wannan musiba aka tsaurara sharaɗin cewa sai malami ya ɗanɗana abinci kafin a raba, aka kuma ƙarfafa sa idon iyaye.

Burazil ce ta fi kusa da haɗa ɓangarorin biyu. Dokarta ta 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyarwa na tarayya wajen saye daga ƙananan manoma, ta ɗora tsara jadawali a kan ƙwararren masanin abinci, sannan ta tanadi majalisar sa ido a kowace ƙaramar hukuma, inda iyaye ke da kujeru biyu cikin bakwai. Wannan majalisa na duba lissafin kuɗi, kuma rahotonta na da tasiri kan ci gaba da sakin kuɗin. Daga wannan tsari ne ƙasashen Afirka da dama suka ɗauki darasi, har Tarayyar Afirka ta keɓe 1 ga Maris a matsayin ranar ciyar da ɗalibai, aka kuma yi bikin farko a Yamai a 2016.

Yaran da muhawarar ta tsallake

A cikin ganuwa akwai dubban yara da ba makaranta ke zaɓar musu abinci ba, ba iyaye ba. Almajiri na cin abin da aka zuba masa a roba, ɗumame ne ko ƙanzo, daga gidan uwar ɗakinsa ko daga bara. Gwamnatin jiha ta sanar da hana barar almajirai a tituna a watan Fabrairu na 2020, gwamnatin tarayya kuma ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Amma shirin ciyarwa na 2016 an gina shi ne a kan rajistar firamaren gwamnati, don haka yaron da sunansa ba ya cikin rajista ba ya cikin lissafin tukunya. Haka ma yarinyar da ke tsaye a bakin makaranta da farantin talla a ka: ita ke kawo abincin tara, amma ba ɗaliba ba ce.

Inda za a iya haɗuwa

Idan aka auna hujjojin, za a ga kowane ɓangare na riƙe da abin da ɗayan ba shi da shi. Hukuma na da kuɗi, masana da ikon tantancewa. Iyaye na da sanin yaro da kuma yardar da babu shirin da zai ɗore ba tare da ita ba. Misalan Japan da Burazil na nuna rabon aiki mai yiwuwa: hukuma ta kafa mafi ƙarancin ma'aunin inganci da tsafta, ta kuma biya, iyaye su samu ikon gani, ikon gyara, da ikon cewa a'a a madadin ɗansu.

Kano ba ta buƙatar ƙirƙiro sabuwar hukuma don wannan. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka amince da kafa kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, waɗanda ake kira SBMC, masu ƙunshe da wakilan iyaye, mata, masu unguwanni, malaman addini da ɗalibai. Akwai kuma ƙungiyoyin iyaye da malamai. Abin da ya rage shi ne a rubuta musu iko a kan abinci cikin doka ko ƙa'ida, ta yadda sauyin gwamnati ba zai tafi da shi ba.

Ko ana ciyarwa a makarantar ɗansa ko ba a yi, akwai tambayoyin da kowane uba ko uwa ke da damar yi a taron iyaye. Ina jadawalin abinci na mako, kuma me ya hana a liƙa shi a bakin ƙofa? Nawa aka ware wa kowane yaro, yaushe aka biya mai girki na ƙarshe? Wa ke ɗanɗanawa kafin a raba? Ina ake rubuta sunayen yaran da wani abinci ke cutarwa? Masu sayarwa a bakin makaranta, an san gidajensu, an duba ruwan da suke amfani da shi? Akwai ruwa da sabulun wanke hannu kafin a ci? Idan yaro ya kamu da ciwon ciki bayan tara, wa za a sanar, kuma cikin awa nawa?

Tambaya ta ƙarshe ta shafi yaran nan da ke raɓewa a inuwa idan an kaɗa ƙararrawa. Kowane malamin aji ya san su da sunayensu. Kwamitin makarantar da ya nemi a ƙidaya su, ya kai adadin ga mai unguwa, masu hali na unguwa da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya fara aikin da Dokar 2004 ta yi alƙawarinsa fiye da shekaru ashirin da suka wuce.